Malamin Da Ya Fita Da Yara Gona Bai Yi Laifi Ba

Akwai ƙorafin da ake yawan ji a Sabon Ibadan da Agege, wai malaman firamare na ƙauye suna ɓata lokacin yara da yawo cikin gonaki, alhali iyaye suna kurmi suna aika kuɗin littafi. Wannan ƙorafi ba ya bisa hanya.

Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, makarantar ƙauye ba ta taɓa wadata da kayan koyar da kimiyya ba. Abin da ta fi makarantar Ikko da shi, shi ne fili. Malamin da ya tsayar da yara gindin gawo, ya nuna musu yadda yake kaɗe ganye da damina ya sake tofo da rani, ya kuma sa su gwada tsawon geron da ke ƙarƙashinsa da na nesa, ya koyar da kimiyya da lissafi a fita guda. A nan yaro zai gane dalilin da ya hana kakansa sare gawo. Dattawan da suka ga farin 1973 sun san darajar itace. Jikokinsu ne ke bukatar a nuna musu, ga shi masu gawayi sun tasam ma ɗorawa da kanya.

Ƙungiyoyin 'yan gari da ke tara kuɗi a kurmi sun fi son gina aji, don shi ake gani in an je gida da salla. Lalle ne su ware wani abu domin rijiya da shingen lambun makaranta, tun kafin awaki su cinye dashen bana.