Louis Zamperini: daga filin tsere zuwa tantin wa'azi

A wannan mako filin namu zai ƙetare teku zuwa Amurka, ƙasar da wasa da karatu suke tafiya tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai. Can, saurayin da Allah ya ba ƙafa ko damtse, jami'a ce ke ɗaukar nauyin karatunsa domin ya yi mata wasa. Cikin irin waɗannan samari an samu waɗanda suka wayi gari sun tuba, sun riƙi addinin Kirista da gaske, sa'an nan suka mai da wasa hanyar aikin bishara. Daga cikinsu babu wanda labarinsa ya tsaya mini a rai kamar Louis Zamperini.

An haife shi ranar 26 ga Janairu 1917 a jihar New York, ya girma a garin Torrance na Kaliforniya. Iyayensa baƙi ne daga Italiya, mabiya ɗariƙar Katolika, kuma ya shiga lakwal bai iya Ingilishi sosai ba, yara suna yi masa ba'a da duka. Sai ya zama gagararre. Bai kai shekara 10 ba ya san taba da giya, yana sata a gidaje da kantuna, ƴan sandan garin sun san ƙofar gidansu. Wansa Pete ne ya lura cewa yaron da ba a taɓa cim masa in ya yi sata ya ruga, to ƙafarsa ba ta banza ba ce. Ya ja shi zuwa filin tsere, yana bin sa a baya bisa keke yana tsare shi da horo.

Abin ya karɓe shi. A 1934 ya yi gudun mil guda, wato mita 1,609, cikin minti 4 da daƙiƙa 21 da ɗoriya, abin da ɗan sakandare bai taɓa yi ba a ƙasar. A 1936, yana da shekara 19, ya je wasannin Olimpik na Barlin, ya zo na 8 a tseren mita 5,000. Bai sami lambar yabo ba, amma zagayensa na ƙarshe cikin daƙiƙa 56 ya sa Hitler da kansa ya nemi a kawo masa shi suka gaisa. Da ya dawo ya shiga Jami'ar Kudancin Kaliforniya, inda a 1938 ya ci gasar mil ta jami'o'i cikin minti 4 da daƙiƙa 8.3, ko da yake abokan tsere sun yayyage masa ƙwauri da ƙusoshin takalmansu. Shekara 15 aka yi kafin wani ya karya wannan bajinta. Idonsa na kan wasannin Tokyo na 1940, sai yaƙi ya sa aka soke su.

Tokyo ɗin ya gan ta, amma ba ta hanyar da ya so ba. Ya shiga soja, aka sa shi mai sakin bama-bamai a jirgin yaƙi. Ranar 27 ga Mayu 1943 jirginsu ya faɗa tekun Fasifik. Cikin mutum 11, uku suka tsira a kwalekwalen roba, ɗaya ya rasu bayan kwana 33. Zamperini da matuƙin jirgin, Russell Phillips, suka yi kwana 47 bisa ruwa, suna shan ruwan sama, suna cin ɗanyen kifi da tsuntsaye. A nan ne, cikin ƙishirwa, ya yi wa Allah alkawarin cewa in ya kuɓuta zai bauta masa iyakar ransa. Mai karatu ya riƙe wannan alkawari, za mu dawo kansa.

Sojan Japan suka kama su a tsibiran Marshall. Fiye da shekara biyu ya yi a hannunsu, kuma a sansanonin Omori da Naoetsu ya haɗu da wani mai gadi, Mutsuhiro Watanabe, wanda fursunoni suka yi wa laƙabi da Tsuntsu. Mutumin nan ya tsane shi, yana dukansa kusan kullum, domin karya zuciyar gwanin Olimpik abin alfahari ne a wurinsa. Can gida kuwa hukumar soja ta riga ta sanar da iyayensa cewa ya mutu.

Ya koma gida a 1945 aka tarbe shi da kiɗa da jawabai, ya auri Cynthia Applewhite a 1946. To amma a nan ne labarin ya fi yi mini nauyi. Gudu ya raba shi da sata, ya ba shi horo da jimiri, har ana iya cewa shi ya riƙe shi bisa teku. Yanzu ya nemi komawa fili don wasannin Landan na 1948, ƙafar da aka raunata lokacin yaƙi ta ƙi. Abin da ya dogara gare shi tun yana yaro ya kuɓuce masa daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Kowane dare Watanabe na zuwa masa cikin mafarki. Ya koma ga giya, kuɗinsa suka salwanta, tunaninsa ɗaya ne: ya tara guzuri ya je Japan ya kashe mutumin. Wata rana ya farka daga mafarkin yana shaƙe Tsuntsu, sai ya ga wuyan matarsa ne a hannunsa, ga ta da ciki. Ta ƙudurta rabuwa da shi.

A ƙarshen Satumba 1949 wani matashin mai wa'azi, Billy Graham, ɗan shekara 30, ya kafa babban tanti a Los Anjeles. An shirya taron na mako uku, ya kai takwas. Cynthia ta je, ta dawo ta ce ta fasa rabuwar, ta matsa wa mijin ya bi ta. Daren farko ya fice cikin fushi. Dare na biyu ma ya tashi zai fita, sai alkawarin kwalekwale ya faɗo masa, wanda ya yi shekara shida bai waiwaya ba. Ya juya ya nufi gaban taro, ya ba da gaskiya ga Almasihu. Da ya isa gida ya tuttular da giyar da ke ɗakin, ya zubar da taba. Shi da kansa ya riƙa faɗa har tsufansa cewa daga wannan dare Watanabe bai sake zuwa masa a mafarki ba.

Na san akwai masu karatu da za su ɗaga gira. Ciwon da yaƙi ke bari a zuciya ba kasafai yake warkewa dare ɗaya ba, likitoci ma haka suke cewa. Ba ni da ikon shiga zuciyar mutum. Abin da ke a fili shi ne auren ya tsaya har rasuwar Cynthia a 2001, kuma a 1950 ya koma Tokyo, ya shiga kurkukun Sugamo inda ake tsare da masu laifin yaƙi, ya ga waɗansu daga cikin masu gadinsa na da, ya gaishe su hannu da hannu ya ce ya yafe musu. Watanabe ba ya cikinsu, ya ɓuya.

A waɗannan shekaru ne aikin bishara ta hanyar wasa ya fara kafuwa a Amurka. Don McClanen, mai horar da ƙwallon kwando a Oklahoma, ya ga ana amfani da gwanayen wasa wajen tallar taba da reza, ya ce me zai hana su yi shelar addininsu. A 1954 ya kafa ƙungiyar Fellowship of Christian Athletes. A 1966 Dave Hannah ya kafa Athletes in Action, wadda ƴan wasanta ke karawa da jami'o'i, a lokacin hutun rabin wasa su yi wa jama'a jawabi. Dukansu biyu suna nan har yau. Sai dai a ganina dabarar tana da rauni guda: in aka rataya addini a wuyan zakara, ran da zakaran ya faɗi ko ya yi abin kunya, yaran da suka bi shi don kofinsa sai su rasa madafa.

Zamperini ya yi yawon jawabai shi ma, amma inda ya zuba ƙarfinsa wani wuri ne dabam. A farkon shekarun 1950 ya buɗe sansani a duwatsun Kaliforniya mai suna Victory Boys Camp, yana karɓar yaran da suka gagari iyaye da hukuma, waɗansu daga gidajen horon kangararru. Yana koya musu hawan dutse, iyo, kamun kifi, hawan doki da zamiya bisa ƙanƙara. In dare ya yi su zauna bakin wuta su yi hira, maganar addini ta zo a nan. Ba lambar Olimpik yake nuna musu ba, don ba shi da ita. Abin da ke sa su saurare shi shi ne ya yi irin satar da suke yi, ya san abin da wansa ya yi masa da keke da agogo, ya kuma san daidai inda ƙarfin ƙafa ke ƙarewa.

A watan Janairu 1998, saura kwanaki kaɗan ya cika 81, ya ɗauki wutar Olimpik ta wasannin Nagano ya ruga da ita kusa da Naoetsu, inda aka tsare shi, Japanawa suna tafa masa a bakin hanya. An gano Watanabe yana raye, Zamperini ya nemi su sadu, ya rubuta masa takardar yafewa. Watanabe ya ƙi ganinsa, ya mutu a 2003. Zamperini ya rasu ranar 2 ga Yuli 2014 yana da shekara 97, ƴan watanni kafin fitowar fim ɗin Unbroken da Angelina Jolie ta shirya daga littafin Laura Hillenbrand na 2010. Fim ɗin ya tsaya ne a dawowarsa daga yaƙi, bai kai ga tantin ba.