Takardar Gwajin Aure: Idon Wa Ya Halatta Ya Gani?

A shekarar 2024 ne Gwamnan Jihar Kano, Alhaji Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure yin gwajin jini kafin a ɗaura. Ana duba cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon hanta, da nau'in jinin da ke jawo haihuwar 'ya'ya masu sikila. Mun yi na'am da wannan doka. Idan miji da mata dukansu AS ne, kowane ciki aka ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, kuma wanda ya taɓa kwana asibiti da yaro yana kukan ciwon ƙashi ba zai yi musun amfanin sani tun da wuri ba.

Abin da ya dame mu shi ne hannuwan da takardar sakamako ke bi. Daga ɗakin gwaji takan faɗa hannun akawu, daga nan sai wani kawu ya karɓa da sunan shi ne waliyyi, a kai wa liman, wani lokaci a buɗe ta a zaure gaban 'yan rakiya. Aure a wurinmu sha'anin dangi ne, mun sani. Amma ciwon da ke cikin jinin yarinya ba na dangi ba ne. In aka fasa aure bayan an sa rana, kafin la'asar unguwa ta ji dalili, kuma ita ce za ta zauna da wannan tabo shekara da shekaru, ko da abin da aka gani bai wuce AS ba, wanda ba cuta ba ce.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce bayanin majinyaci sirri ne. Ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoyewa za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari, ko kuma ga mai kula da ƙaramin yaro da wanda ba ya iya yanke wa kansa shawara. Ba mu ga gurbin kawun baligi a ciki ba.

Wanda lalle yake da haƙƙin sani shi ne wanda za a aura, domin jikinsa da zuriyarsa abin ya shafa. Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta raba takardar gida biyu. Cikakken sakamako likita ya yi wa su biyun bayaninsa a ɗaki, bayan ya fara ganawa da kowanne shi kaɗai. Liman kuwa a ba shi shaidar cewa an yi gwaji kuma kowa ya ji na ɗan'uwansa. Iyaye su ma su riƙa tura yara gwaji kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba ta bukatar dogon bayani.

Sauran magana tamu ce, 'yan'uwa ɗalibai. Cikinmu akwai masu koyon aikin likita da jinya da gwajin jini, wasu kuma gobe su ne akawunan ɗakin kati. Za a zo muku da zumunci, a ce a ɗan leƙa fayil ɗin wance domin ɗanmu ke nemanta. Mai roƙon yana iya zama wanda ya biya muku kuɗin makaranta. Ku ba shi haƙuri, ku ce ya turo su biyun su ga likita.