KAFIN A MAI DA TSOHUWAR BAS ƊAKI, A FARA DA MAKEWAYI

Duk wanda ya bi ta unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai a nan Kano da sassafe, kafin lokacin shiga aiki, zai tarar da jama'a masu yawa waɗanda a nan suka kwana. Akwai masu gadi, akwai direbobin manyan motoci da yaransu masu jiran lodi, akwai 'yan dako da masu shayi. Waɗansu a cikin mota suke kwana, waɗansu a rumfa, waɗansu kuwa a cikin kwantena ko gangar tsohuwar mota wadda aka cire wa kujeru aka mai da ita ɗaki.

Mai da tsohuwar bas wurin kwana ba abin kunya ba ne, dabara ce ta mai neman rufin asiri. A ƙasar Amurka ma, inda ake ganin arziki ya yi yawa, mutane sukan sayi tsofaffin motocin nan masu ruwan ɗorawa na ɗaukar 'yan makaranta, bayan makarantu sun gama da su, su gyara su su zama gida sosai, da gado da madafa da wurin wanka. Abin da ya fi ba masu wannan aiki wahala a can shi ne makewayi: ina za a sa shi, kuma ƙafa nawa za a ba shi a cikin motar da faɗinta daga ciki bai wuce ƙafa bakwai da rabi ba.

To, a nan Kano makewayin nan shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Mai walda zai fitar da ƙofa da taga, kafinta zai kafa gado, a jawo wayar lantarki, a shimfiɗa leda, sa'an nan a ce aiki ya kammala. In aka tambayi inda mai ɗakin zai kama ruwa, sai a nuna bayan katangar masana'anta ko bakin kwata. Wannan kuskure ne babba. Makewayi shi ya kamata a fara shatawa tun ba a taɓa ƙarfe ba, kuma kafin a yi maganar girmansa, tilas a fara sanin inda ƙazantar za ta tafi.

INA RUWAN ZAI BI?

Dalilin da ya sa wannan tambaya ta zo gaba da sauran a fili yake. Ba'amurken da ya gyara bas yawo yake yi da ita. Yana da tankin ruwa mai tsabta da tankin ruwan wanka da na bayan gida a ƙarƙashin motar, kuma ƙasarsu tana da wurare na musamman inda ake tsayawa a juye tankunan. Bas ɗin da aka ajiye a Sharaɗa kuwa ta gama tafiya, sau da yawa ko taya babu, kuma ba a tanadi irin waɗancan wuraren juyewa ba. Wanda ya kwaikwayi tsarin Amurka ya rataya tanki a ƙarƙashin motarsa, ya haɗa wa kansa aikin da ba zai iya ba.

Lissafin ba shi da wuya. A ce mutum huɗu ne a ɗakin, kowa yana wanka sau biyu a rana a lokacin bazara, da bokiti mai cin lita 15. Lita 120 ke nan kullum, ban da alwala da wanke-wanke. Gangar ƙarfe mai cin lita 200 ba za ta kai kwana biyu ba ta cika. Ran da ta cika, ba shakka kwata za a buɗe wa, da dare, ba wanda ya gani.

Kwatocin waɗannan unguwanni kuwa an san inda suke ƙarewa. Ruwan Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, kogin da birnin Kano ke ɗibar ruwan sha daga gare shi tun zamanin Turawa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafo da ake kaiwa kasuwannin gari. An daɗe ana kuka da ruwan da masana'antun jima da na rini ke zubarwa a waɗannan rafuka. Bai kamata a ƙara musu da bayan gidan ɗan'adam ba.

Masu ganin wannan ƙaramar magana ce sai su tuna da ciwon amai da gudawa, watau kwalara. Ciwon ya shigo Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1991 ya kashe mutum fiye da 7,000 a ƙasar nan. A 2021 an lissafa waɗanda ake zaton sun kamu fiye da 111,000, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jihar Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Hanyar ciwon ɗaya ce, daga bayan gidan mai ɗauke da cutar zuwa ruwan sha ko abincin wani. Ƙudan da ya tashi daga bayan katanga ba ya tambayar tuwon wa zai sauka a kai, na lebura ne ko na manaja.

MASAI A WAJE, WANKA A CIKI

Saboda haka shawarar da ta fi dacewa da motar da ke zaune wuri ɗaya ita ce a raba abu biyu. Masai ya kasance a waje, a ƙasa, wurin wanka kaɗai ya shiga cikin mota in har ana bukata.

Masan da ya fi dacewa shi ne mai bututun iska, wanda Dokta Peter Morgan ya ƙirƙiro a ƙasar Zimbabuwe a shekarun 1970. Rami ne da murfin siminti kamar wanda aka saba, sai dai ana kafa masa dogon bututu daga ramin ya zarce rufi, a ɗaure bakinsa da raga. Iska tana jan wari ta fitar ta sama, ƙudan da ya bi haske ya hau bututun kuma raga ta tare shi ya mutu a ciki. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce ramin ya yi nesa da rijiya ko rijiyar burtsatse da aƙalla mita 30, gindinsa ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa, kuma kada masu amfani da masai ɗaya su wuce mutum 20. Wajibi ne kuma a bar hanyar da motar kwasa, ko masu kwasar hannu da Kanawa ke kira 'yan gidan-kowa-da-akwai, za su iso in rami ya cika.

Shi kuwa ruwan wanka sai a bi da shi ta bututu zuwa wani rami dabam da aka cika da duwatsu da tsakuwa, ƙasa ta shanye shi a hankali. Kada a haɗa shi da ramin masai, don zai cika shi tun kafin lokaci, ya kuma jiƙa bangonsa ya rufta.

ƘAFA NAWA ZA A BA SHI?

Sai bayan an gama da waɗannan ne za a ɗauko awo. A nan ma akwai bambanci tsakanin Bahaushe da Bature wanda masu kwaikwayon zanen ƙasashen waje ba su lura da shi. Bature a tsaye yake wanka a ƙarƙashin shaya, ɗan akurki mai ƙafa biyu da rabi ya ishe shi. Bahaushe da bokiti da moɗa yake wanka, yana tsugunawa yana sunkuyawa, yana bukatar inda zai ajiye bokiti da buta, da inda zai rataya riga ba ta jiƙe ba. Wurin da bai kai faɗin ƙafa uku da tsawon ƙafa huɗu ba, gwiwar hannu za ta yi ta dukan bango, kuma mai shi zai koma wanka a waje, an yi asarar wuri a banza.

Ƙananan bas irin Coaster, waɗanda suka fi yawa a nan, faɗinsu daga ciki ƙafa shida ne da 'yan kai. In aka yanki ƙafa uku a gefe, abin da ya rage hanya ce kawai. Shi ya sa ya fi kyau a ba wurin wanka ƙarshen motar ɗungum, daga bango zuwa bango, a yanki ƙafa uku daga tsawonta. Wannan ya yi daidai da tsarin gidan Hausa, inda makewayi ke can ƙuryar baya, nesa da zaure da madafa. Sai dai in motar tana da ƙofar baya, kada a toshe ta da walda. Ɗakin ƙarfe mai ƙofa ɗaya, da risho ko tukunyar gas a bakin ƙofar, tarko ne ranar gobara.

Daɓen mota katako ne a kan ƙarfe, abokan gābarsa kuwa ruwa da tsatsa. In ba a shimfiɗa faranti na ƙarfen da ba ya tsatsa ko roba mai kauri da ta hau bango kamar taƙi ɗaya ba, damina biyu ta isa ƙafar mutum ta burma. A karkata daɓen kaɗan zuwa rariya don kada ruwa ya kwanta. Kafin a huda, mai walda ya leƙa ƙarƙashi ya tabbata bai faɗa kan ƙarfen da ke riƙe da gangar motar ba. Kada kuma a ɗaga daɓen da yawa, gama rufin bas bai fi ƙafa shida da kaɗan ba, dogon mutum zai rasa inda zai miƙe. A bar taga ɗaya ta sama a buɗe da raga, domin a watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, ɗakin ƙarfe mai laima kuma ba iska ba ya zaunuwa.

Akwai kuma batun addini, wanda ba ya cikin zanen Bature. An hana Musulmi fuskantar alƙibla ko ba ta baya a lokacin biyan bukata. Malaman Malikiyya sun yi sauƙi in a cikin gini ne, duk da haka jama'a sun fi samun natsuwa in masai ya dubi kudu ko arewa. Wannan wani dalili ne na kafa shi a ƙasa, don motar da aka ja aka juya yau, gabas ɗinta na jiya ya canja. Haka nan ƙofar wurin wanka kada ta buɗe kan inda ake salla ko cin abinci, kuma a ware ɗan dakalin alwala a waje inda fantsamar najasa ba za ta kai ba.

NAUYIN DA KE KAN HUKUMA

Waɗansu za su ce wannan duk ɓata baki ne, abin da ya dace shi ne a kwashe irin waɗannan motoci da kwantenoni, tunda ba a yi unguwar masana'antu don kwana ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Bas ba gidan iyali ba ce, kuma ba wanda zai so a ga unguwar masana'antu ta zama zango. Amma muddin masana'anta tana aiki dare da rana, kuma mota tana kwana uku tana jiran a sauke mata kaya, sai an sami masu kwana a bakin ƙofa. Korar su ba ta hana su bukatar makewayi, wurin da za su tsuguna kawai take canjawa.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa kowace masana'anta ta tanadi isassun makewayai masu tsabta ga ma'aikatanta, na maza dabam na mata dabam. Amma direban da ya kawo kaya daga Legas, da matar da ke sayar da abinci a bakin ƙofa, suna wajen katanga. A watan Nuwamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurnin kawar da bahaya a fili a duk ƙasa kafin 2025, wa'adin ya zo ba a cim ma burin ba. Jihar Jigawa kuwa, wadda aka cire daga Kano a 1991, ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta kawar da wannan ɗabi'a a 2022. Abin da ƙanwa ta iya, bai kamata ya gagari yaya ba.

Don haka ya kamata Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano, watau KNUPDA, ta fitar da ɗan zane mai sauƙi, shafi ɗaya, da Hausa, wanda kowane mai walda zai iya bi, ta kuma sa sharaɗi cewa ba za a ajiye mota ko kwantena don kwana ba sai an nuna masai da ramin ruwan wanka. Ƙananan hukumomin Birni da Kumbotso da Nassarawa su tura duba-gari su riƙa zagayawa, suna nuna gyara kafin su kai ga tara. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya, wadda ke da rassa a waɗannan unguwanni, ta haɗa kan 'ya'yanta a gina gidan wanka da bahaya a kowane babban layi, da ɓangaren mata, a damƙa wa mai kula yana karɓar ɗan abin da ba zai gagari lebura ba. In aka yi haka, da yawa daga masu ɗakin bas ba za su ma bukaci huda motarsu ba.

Dattawa ba su manta ba, a nan Kano ne Manjo-Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da yaƙi da ƙazanta a watan Yuli 1985. An yi shara, an kwashe bola, amma bulala ba ta haƙa rami. Mutumin da ba a tanadar masa wuri ba, ko an kore shi da rana zai dawo da dare. Mai shirin gyara tsohuwar bas, da mai masana'antar da za a ajiye ta a bakin ƙofarsa, da jami'in da zai ba da izini, kowannensu ya fara tambayar ina masai, kafin ya tambayi ina gado. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa a gyara, amin.