Wanda Ya Guji Muhawara, Wa Zai Ci Shi Tara?

Akwai cinikin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama: ka biya kuɗi alhali kaya na bisa icce, ba ka taɓa ba, ba ka jujjuya ba. Kusan haka muka saba karɓar 'yan takarar shugaban ƙasa a Nijar. Jam'iyya ta yi babban taronta, a yi tafi, a ɗaga hannun mutum guda a ce ga shi nan. Daga nan sai ayarin motoci, makaɗa, zannuwa masu hoto, mitin ɗin awa guda a Gidan Runji ko Agiye, a bar mu da ƙura. Ba wanda ya zaunar da shi kusa da abokin hamayyarsa ya ce: to, ga tambaya, kowa ya ba da amsa muna ji.

Wani zai ce ana ga yaƙi kuna ga ƙura, ina jam'iyyun suke ma? Gaskiya ne. An rushe majalisun gundumomi a 2024, an rushe jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025, an kuma sa wa mulkin riƙon ƙwarya wa'adin shekara biyar da ka iya canzawa. Shi ya sa ma muke maganar yanzu. Tun ran gini ran zane. In muka bari sai an kaɗa gangar kamfe, kowa ya riga ya kama ɓangare, ba mai sauraren wata ƙa'ida da za ta takura wa gwaninsa.

Me ke sa ɗan takara ya ƙi zuwa muhawara? Lissafi ne. Wanda ke kan gaba yana ganin ba abin da zai ƙaru da shi. In ya hau dandali ɗaya da ƙananan 'yan takara ya ɗaga darajarsu, in kuma bakinsa ya suɓuce sau ɗaya, kafin gari ya waye maganar ta zagaye WhatsApp. Sai mashawarta su ce masa: ranka ya daɗe, yi zamanka. Amma wannan shawara tana da haɗari, kuma an sha gani a Amurka, inda zaɓen fid da gwani ke da ƙarfi.

A Janairun 1980 Ronald Reagan yana kan gaba a jam'iyyar Republican, ya ƙi zuwa muhawarar jihar Iowa. Mutanen jihar suka ɗauki abin raini, George Bush ya kayar da shi a can. Dole Reagan ya sauko ya shiga muhawarorin da suka biyo baya kafin ya gyara tafiyarsa. A ranar 28 ga Janairun 2016 Donald Trump ya ƙaurace wa muhawarar tashar Fox News a wannan jiha dai, bayan kwana huɗu Ted Cruz ya zo na ɗaya, shi ya zo na biyu. Haɗari na farko kenan: ka bar wa abokan takara fili suna faɗin ko kai wane ne ba ka nan, masu zaɓe kuma su ji ka raina su.

Haɗari na biyu ya fi muni, don jam'iyya gaba ɗaya yake ci. A 2024 jam'iyyar Democrat ba ta shirya wa Joe Biden muhawarar cikin gida ba. Sai ranar 27 ga Yuni, da ya haɗu da Trump a talabijin, duniya ta ga raunin da ba a gwada ba tun a gida. Ranar 21 ga Yuli ya janye, saura wata uku da 'yan kwanaki a yi zaɓe, jam'iyyarsa kuma ta faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara 'yan gida su gano ciwo da wuri da a ce abokin gaba ne ya tona shi a kasuwa.

To amma kada mu ruɗi kanmu. Shi Trump ɗin ya ƙi halartar duk muhawarorin jam'iyyarsa na 2023 zuwa 2024, ya kuma samu takara cikin sauƙi. Maƙwabtanmu na Najeriya kuwa, labarinsu ya fi kama da namu. A Maris na 2011 Goodluck Jonathan bai je muhawarar tashar NN24 ba, wadda Kadaria Ahmed ta jagoranta. Buhari, Nuhu Ribadu da Malam Ibrahim Shekarau suka fafata, jama'a da dama suka ce gwamnan Kano ne ya yi fice a daren. Da aka ƙirga ƙuri'u, Jonathan da bai je ba ya tashi da kusan kashi 59 cikin ɗari, Shekarau bai kai kashi 3 ba. A 2015 Buhari ya ƙi muhawara, ya ci. Ranar 19 ga Janairun 2019 ya sake ƙin zuwa, Atiku ya iso har wurin taron a Abuja, da ya ga babu Buhari ya juya, aka bar Oby Ezekwesili, Kingsley Moghalu da Fela Durotoye suna magana da kujeru biyu ba kowa. Waɗanda suka ƙi tsayawa su ne suka zo na ɗaya da na biyu.

Ina bambancin yake? Muhawara ba ta hukunta kowa da kanta. Tarar tana hannun mai ƙuri'a. Inda mutane ke riƙe ƙuri'arsu sai sun ji sun gani, guje wa tambaya yana da tsada. Inda kuwa an riga an sayar da ƙuri'ar gari dungurungum ta hannun wani mai kuɗi, ko an ɗaure ta da sunan yanki da dangi, ko an musanya ta da sabulu da sukari, ɗan takara ya san ko ya zo ko bai zo ba ɗaya ne. Mu ne muka sa abin ya yi araha, jama'a.

A nan gida asarar takan shigo ta wata ƙofa. Jam'iyyunmu ba su saba da zaɓen fid da gwani na fili ba, saboda haka duk wanda ya ji an danne shi sai ya kwashe tabarmarsa ya kafa tasa. Bayan rikicin shugabancin MNSD Nassara na 1991, Moumouni Adamou Djermakoye ya fice ya kafa ANDP Zaman Lahiya. A 1993 Tandja Mamadou ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma Djermakoye yana cikin waɗanda suka mara wa Mahamane Ousmane baya, Tandja ya faɗi a zagaye na biyu. A 2015 jam'iyyar ta sake darewa, Albadé Abouba ya kafa MPR Jamhuriya, kuma a zaɓen 27 ga Disamban 2020 Seini Oumarou ya samu kusan kashi 9, Albadé kashi 7. CDS Rahama ma haka ta tsage tsakanin Mahamane Ousmane da Abdou Labo. Ba mu ce muhawara kaɗai za ta hana duk wannan ba. Amma wanda aka kayar a fili, bayan an ji ta bakinsa an ji ta bakin ɗan uwansa, ba shi da hujjar cewa an yi masa maguɗi a ɗaki. A 2020 'yan takara 30 aka jera mana. Cikinmu wa zai iya faɗin abin da ya raba manufar biyar daga cikinsu?

Tambayoyi kuwa muna da su cike da buhu. Cadakori na cikin garuruwan da aka tsugunar da 'yan gudun hijirar da suka tsero wa 'yan bindiga daga arewa maso yammacin Najeriya. Mutumin nan yana so ya ji yadda za a raba ruwa, aji da gidan likita tsakanin baƙo da mai masauki ba tare da an ɓata zumunci ba. Manomin bakin iyaka yana so ya ji yadda zai kwana a gidansa ba fargabar masu satar mutane da shanu. A Agiye da Gazawa gonar gado sai ƙanƙancewa take yi, taki na zuwa a makare ko da tsada, matasa na tafiya cirani Kano, Agadas, Aljeriya da Libiya. Waƙar kamfe ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai masu cewa muhawara gasar iya baki ce, mai zaƙin harshe ke ci. Da ƙamshin gaskiya a ciki, musamman in an yi ta da Faransanci a Yamai, 'yan boko suna tafa wa junansu. Maganin shi ne a gyara yadda ake yin ta. A yi da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci da sauran harsunanmu. A sa ta a gidajen rediyon karkara, don tsohuwar da ba ta da Facebook ta ji. Tambayoyi su fito daga manoma, makiyaya, 'yan kabu-kabu, malaman makaranta da mata masu sana'a. Mai gabatarwa ya samu damar cewa: ba ka amsa ba, sake. Mai zaƙin baki yana iya tsallake tambaya ta farko, ta biyu da ta uku ne ke fid da shi fili.

Ga abin da muke nema. Duk ranar da za a rubuta sabuwar dokar jam'iyyu, a sa muhawara a bainar jama'a cikin sharuɗɗan tsayar da ɗan takara, tun daga cikin gida. Kada a tsaya kan kujerar shugaban ƙasa kaɗai: mai neman zama magajin gari ko ɗan majalisa shi ma ya zo dandalin garinsu ya zauna kusa da abokin takararsa. Wanda aka gayyata ya ƙi, a ajiye kujerarsa da sunansa, a karanta tambayoyin da aka tanadar masa, kowa ya ji shirun.

Sauran aikin namu ne, kuma ba ya jiran wata doka. Ku da ke zaman fada kuna shan shayi a Maraɗi, Tibiri ko Yamai, kuna da iyaye da ƙanne a ƙauye da ke jin maganarku. Ku fara tattara tambayoyin unguwarku da na garinku tun yau, ku rubuta su a ƙasan wannan rubutu mu adana. Mu kuma yi wa juna alkawari guda, mu faɗe shi da ƙarfi tun ba a san su wa za su tsaya ba: kowace jam'iyya ce, ɗan kowane yanki ne, wanda ya ƙi zuwa ya amsa mana tambaya, kada ya aiko a nemi ƙuri'armu.