Ruɓewar Lemu a Hanya: Ƙaddara ce ko Sakacinmu?

Ya kai ɗan uwa, in ka taɓa shiga kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano ranar da motocin Binuwai suka sauke kaya, ka san abin da muke magana a kai. Gefe guda ga tulin lemu mai kyau ana ciniki, gefe guda kuma ga tulin ruɓaɓɓe ƙudaje na bi. In ka tambaya sai a ce wai ƙaddara ce. Mu kuwa muna cewa yawancin wannan asara aikin hannunmu ne.

Ɓarnar tana farawa tun daga gindin bishiya a gonakin Gboko da Vandeikya da Ushongo. Maimakon a tsinko lemu da hannu ko a yanko shi da almakashi, sai a girgiza reshe ko a bi shi da sanda ya faɗo ƙasa. Duk lemun da ya bugu ya sami rauni a ɓawonsa ko da ido bai gani ba, kuma ta wannan rauni funfuna ke shiga, koriya da shuɗiya. Haka in an tsinke shi da raɓa ko bayan ruwan sama, man da ke cikin ɓawon yakan fashe ya yi masa tabo.

Sannan a sani, lemu ba kamar ayaba ko mangwaro ba ne da ke ƙarasa nuna a ɗaka. Da zarar an raba shi da uwarsa, zaƙinsa ya tsaya ke nan. Wanda ya tsinke shi ɗanye don saurin kuɗi, tsami ya sayar wa jama'a. Koren ɓawo kuwa ba shi ke nuna ɗanyantaka ba, domin a ƙasar zafi lemu kan nuna sarai alhali ɓawonsa kore ne.

Daga nan sai lodi. A zuba lemu tsagwaronsa a tirela, ko a danna shi a buhu, 'yan dako su taka shi, a ja tamfol a rufe ruf, ba iska. Na ƙasa yana ɗauke da nauyin na sama tun daga Makurɗi, Lafiya, Akwanga har Kano. Ga ramukan hanya, ga shingayen masu karɓar na goro da haraji da ke tsayar da mota cikin rana. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ruɓaɓɓe ɗaya ya isa ya shafa wa na kusa da shi.

To wa ke ɗaukar asarar? Manomi an karya masa farashi tun a gona. Sai kuma kai, saurayin da ya haɗa ɗan jarinsa ya sari buhu don ya fere a bakin titi, ka kwance ka tarar ƙasansa ya zama ruwa. Wanda ya jera masu kyau a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa kuwa, algus ya yi, kuma ya san hukuncinsa.

Gyaran ba ya buƙatar jiran gwamnati. A tsinka bayan raɓa ta bushe, a ajiye a inuwa, a ware mai rauni kafin lodi. A koma ga kwandon roba mai huji irin wanda wasu 'yan tumatir suka kama, wanda in an jera shi kwando ke ɗaukar nauyin kwando. A yi tafiya cikin sanyin dare. Masu saro su haɗa kai su ƙi sayen buhun da ba a zazzage shi a gabansu ba.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya tsare mu daga almubazzaranci da cin haƙƙin juna.

Wassalam.