Tamowa ta fi sanin hanyar ƙauye

A shekarar 2005, lokacin da yunwa ta afka wa Nijar bayan fari da farar ɗango na 2004, jihar Maraɗi, rumbun hatsin ƙasa, tana cikin inda tamowa ta fi kama yara. Manomi ya sayar da tiyar gero da araha da kaka, ya dawo ya saye ta da tsada da damina.

Mu da muke zagaya ƙauyuka da na'urar rediyo mun ga inda bambancin yake. A birni, uwa ta hau kabu-kabu, nan da nan tana likita. A ƙauye kuwa sai amalanke, ga noma ya kama, ga izinin maigida da za a jira. Kafin a iso, ƙafafun yaro sun kumbura. An ce tun 2006 maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. To, kuɗin mota fa?

Muna kira ga hukumomi su bai wa kowace uwa ta karkara zaren awon dantse, kamar yadda aka gwada a Mirriya. In ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, ta kama hanya ran nan.