Kuɗin Kwashe Shara: A Fara Aiki Kafin A Miƙa Hannu

Duk lokacin da aka tayar da zancen ɗora wa magidanta kuɗin kwashe shara a birane irin su Kano, abin da ake fara ji shi ne wai mutanenmu ba za su biya ba. A ra'ayin wannan jarida, ba a yi wa jama'a adalci ba, domin tuni suna biya.

A unguwanni da dama, uwargida kan ba almajiri ko mai baro 'yan kuɗi ya ɗauke mata shara. Sau da yawa ba ya wuce kwata mafi kusa, ko kududdufi, ko kangon da ke bayan layi. Da damina ta kankama, ledar ruwa da robobi su toshe magudana, ruwa ya koma cikin gidaje, sauro ya samu mazauni. Daga nan maigida ya sake biya, a kemis da asibiti. A shekarar 2021, annobar kwalara ta hallaka sama da mutum 3,000 a Najeriya, kuma Kano da Bauchi da Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

A da, shara ma kaya ce mai daraja. Manoman kewayen birnin Kano kan shigo da jakuna su cika mangala, su kai gona ta zama taki. Leda ta gurɓata wannan ciniki, birni kuma ya bunƙasa fiye da abin da jaki zai iya ɗauka. Yau aikin na buƙatar motoci da man fetur da ma'aikata da wurin zubarwa, kuma duk kuɗi ne.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma a manyan birane hukumomin jiha ne ke riƙe da shi, kamar REMASAB a Kano. A Legas, hukumar LAWMA ta raba unguwanni ga kamfanoni masu zaman kansu, gidaje na biyan kuɗin wata. Kano ta gwada miƙa aikin ga kamfani a 2021, amma ba a yi nisa ba aka soke kwangilar bayan bola ta mamaye tituna. Wanda ya ga haka da idonsa, ba za a zarge shi ba in ya yi nauyin hannu.

Saboda haka muna kira ga hukumomi su fara nuna aiki. A zaɓi 'yan unguwanni, a sanya ranakun zuwan mota, a cika alkawari na wasu watanni, sannan a nemi kuɗi. Gani ya kori ji. Kuɗin kuma ya bi ƙarfin mutum: mai gida a Nasarawa GRA da mai haya a ɗaki ɗaya cikin lungu ba za su biya daidai ba, haka otal da kasuwa su ɗauki kaso mafi girma. A ba da rasit, a riƙa bayyana abin da aka tara da inda ya tafi. Masu baro da 'yan jari bola kada a kore su. A yi musu rajista, su riƙa fito da shara daga lungunan da mota ba ta shiga. Masu unguwanni da limamai su zama idon jama'a.

Magidanta su ma da nasu nauyin. Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata ba za ta wanke sharar kwana talatin ba, kuma wanda ke juye kwandonsa a kwata da daddare maƙwabcinsa yake cuta. Idan mota ta zo a kan lokaci, a biya ba tare da jan ƙafa ba. Idan kuwa ba ta zo ba, gwamnati ba ta da hujjar karɓar ko sisi.